A Riƙa Tambayar Masu Karatun Ma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Makon jiya na karanta sharhin da wani bawan Allah ya yi a shafinku na adabi, inda ya ce masu karanta ƙagaggun labaran Hausa 'yan mata ne da ba su da aikin yi, kuma ba abin da suke nema a ciki sai soyayya. Ban san shi ba, ban kuma zo da faɗa ba. Sai dai ni na yi shekara 16 ina bayar da hayar littattafai a wata 'yar rumfa a Gwammaja, daga 1995 zuwa 2011. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ranka ya daɗe, littafin haya ba ya dawowa yadda ya fita. Wani da ɗigon manja, alamar a bakin murhu aka karanta shi, wani an naɗe kunnen shafi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rubutun da ake yi a gefe da biro. Duk inda uwar miji ko kishiya ta yi mugunta, sai ka ga an rubuta "Allah ya isa!" Wata ta rubuta "wallahi haka aka yi mini". Can ƙasa wata da ta karɓa bayanta ta amsa da wani launin biro: "ki yi haƙuri 'yar'uwa". Ba su san juna ba, ni kaɗai na san gidajen da littafin ya shiga. Da farko ina cin tarar mai ɓata mini kaya, daga baya na daina, don na lura wanda aka fi yi wa rubutu shi aka fi nema.

Akwai wata matar aure da ban taɓa ganin fuskarta ba, almajirin gidan take aikowa da 'yar takarda. Ba ta son labarin saurayi da budurwa ko kaɗan, na zaman gidan miji take so. Ran nan ta dawo mini da wani tun kafin la'asar, ta rubuto cewa in canza mata, wannan ya yi kama da gidansu da yawa, ta kasa wuce shafi na 40. Wannan ce marar aikin yi?

Maza kuwa, da mai sharhin ya manta da su gaba ɗaya, su ne suka fi cika mini benci. 'Yan acaɓa da yaran masu shago littattafan yaƙi suke bi: sarakuna, sadaukai, takubba, aljanu. Wani ɗan acaɓa yakan ajiye babur bayan isha ya zauna yana musu da abokinsa kan wane sadauki ya fi wani ƙarfi, har jijiyar wuya ta tashi, kai ka ce 'yan unguwarsu ne. Idan kashi na 3 ya ƙare a tsakiyar gumurzu, na 4 bai fito ba, ni ake tsarewa da tambaya kamar ni na rubuta. Sau da yawa sai na hau mota zuwa wajen dillalan littattafai na Bata da kasuwar Sabon Gari don kawai in samu abin gaya musu. Na taɓa yi wa ɗayansu tsiya cewa duk ƙarya ce fa. Ya ce, "Malam, na wuni ina shan rana da hayaƙi, ka bar ni in ga talaka ya kayar da azzalumin sarki ko a takarda ne." Ban ƙara ba. Shi dai wannan salon ba baƙo ba ne, tun Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubuta labarai da aka yi a Zariya a 1933, ake haɗa yaƙi da aljanu a littafin Hausa.

Na ban tsoro, na matsafa da fatalwa, su ne suka taɓa jawo mini magana. Wata uwa ta zo har rumfa ta ce 'yarta ta ƙi fita tsakar gida da dare sai an raka ta. Na ba ta haƙuri. Bayan kwana biyu yarinyar ta aiko ƙaninta neman kashi na biyu.

Wani dattijo, tsohon malamin firamare, bai taɓa karɓar sabon littafi ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kawai, duk bayan 'yan watanni. Ya kusa haddace shi, amma da ya zo inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙeta sai ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce mini littattafan zamani ba su da Hausa. A wani wurin yana da gaskiya.

Ni kaina ba na cikin masu kuka a kan takarda, ko dai haka nake zato. Na karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a makaranta don cin jarrabawa, bai yi mini komai ba. Shekarar da mahaifiyata ta rasu na sake ɗaukarsa wata rana da babu ciniki. Da na kai inda uwar ta ratsa hamada tana neman ɗanta, ba su sadu ba sai da ƙarfinta ya ƙare, sai na rufe rumfa na tafi gida. Littafin bai canza ba ko da harafi ɗaya.

Wanda har yau yake damuna wani yaro ne ɗan sakandare. Na ba shi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, labarin yaron da aka tafi da shi sararin samaniya. Washegari da sassafe ya dawo yana cewa, "Baba, a ba ni wani irinsa." Na duba rumfata kaf ban samu ba. Ƙarshe ya koma wajen masu sayar da tsofaffin littattafan Turanci a gefen titi, ban sake ganinsa a bencina ba. Marubutanmu, wannan ƙorafin naku ne. Haka labaran binciken laifi, masu nema suna da yawa, kayan kaɗan ne.

Ba na cewa duk abin da na bayar haya alheri ne. Akwai na banza, akwai wanda aka ja shi kashi huɗu don kuɗi alhali ɗaya ya isa, ga kuskuren rubutu kamar an watsa gero. Yanzu da harkar ta koma waya, ana tura kuɗi a saka mutum a rukunin WhatsApp, 'yata ta nuna mini wasu da ba zan iya karantawa a gabanta ba. Amma tun shekarun 1990, lokacin da malaman jami'a Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu ke muhawara a jaridu kan irin waɗannan littattafan, da aka kira Adabin Kasuwar Kano, har zuwa 2007 da aka ƙona wasu littattafai a garin nan da sunan gyaran tarbiyya, malamai da hukuma da marubuta ne ke magana. Matar nan mai aiko almajiri da ɗan acaɓan nan, ban ji an tambaye su ba.

Roƙona shi ne ku ware ɗan fili a shafin adabi, ko rabin shafi ne, mai karatu ya rubuto littafin da ya karanta da abin da ya ji, ko da bai san kalmar jigo ko salo ba. Idan kuma wakilinku na Kano yana son gani da idonsa, ina da kwali biyu na ragowar littattafan rumfar a ƙarƙashin gado, gara ta ci wasu, amma rubutun gefen yana nan.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mai hayar littattafai,
Gwammaja, Kano.