Zuwa ga masu kawo mana gyaran fiyano

Assalamu alaikum.

Magana tana ta dawo mana cewa aiki ya fara kwana a shagonmu, kuma kuɗin gyara ya hau. Abin ya yi mana zafi, shi ya sa muka ga ya dace ku ji daga bakinmu.

Roba ce ta riƙe mu. A ƙarƙashin maɓallan fiyanon MIDI, wato na lantarki da ake iya haɗawa da kwamfuta, akwai zirin roba, kuma kowane maɓalli yana da baƙaƙen ƙwayoyi biyu da ke taɓa allon lantarki ɗaya bayan ɗaya. Da tazarar da ke tsakanin taɓawar farko da ta biyu na'urar ke auna ƙarfin bugu, a ma'aunin da ƙarshensa lamba 127 ce. In ƙwaya ɗaya ta cinye, ko ƙurar hunturu ta kwanta a kanta, sai maɓallin ya yi gum, ko kuwa ka ɗan shafa shi ya kurma ihu. Wannan roba daga waje ake kawo ta. Mai kawo mana daga Legas da dala yake oda, kuma tun 2023 da aka cire tallafin mai, darajar Naira ta faɗi, farashin da ya faɗa yau ba shi zai faɗa gobe ba, ga kuɗin mota zuwa Kaduna. Sannan ba a yi mata aro. Robar Fatar, wani kamfanin ƙera maɓallan fiyano, ba ta hawa fiyanon Yamaha, kuma fiyano mai maɓallai 61 irin na Fatar ziri biyar yake ci, huɗu masu 12, na ƙarshe mai 13. In ɗaya bai iso ba, aiki ya tsaya. Yaya za mu yi?

Ƙarar ƙwas-ƙwas da maɓallai ke yi kuwa dalilinta daban. Ƙyallen ulun da maɓalli ke sauka a kai yakan danne ya taurare, giris ɗin da ke wurin da maɓalli ke zamewa ya bushe. Gyaransa sai an cire sifirin, an zare fararen maɓallai kafin baƙaƙe, an jera su bi da bi don siffarsu ba ɗaya ba ce, an wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, an bari sun bushe sarai. Daga nan a kankare tsohon ƙyalle a manna sabo mai kauri daidai da na da, a ɗiga giris ɗin silikon ɗan kaɗan. Allon lantarki da auduga da sinadarin isopropyl ake goge shi. Robar ma tana da gaba da baya; in aka juya ta, bugu ya rikice.

Mun san akwai masu cewa a kawo da safe a karɓa da yamma. Don Allah ku tambaye su me suke zubawa. WD-40, man feshin nan na sassauta tsatsa, da man keken ɗinki suna kumbura roba, suna janyo ƙura. Goga fensir a kan ƙwaya yakan tayar da maɓalli na ɗan lokaci, sai matsalar ta dawo, wataƙila ana tsakiyar ɗaukar waƙa.

Muna nan muna ƙoƙari ta hanyoyi daban-daban, kuma da yardar Allah abubuwa za su daidaita nan ba da jimawa ba.

Iyayenmu masu sitidiyo na Tudun Wada da Kawo, waɗanda tun muna rumfa kuke tare da mu, da 'yan'uwanmu makaɗan majami'u na Sabon Tasha da Barnawa da ke turo mana yaransu, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Wanda fiyanonsa ke wurinmu ya leƙo shago, mu buɗe masa ya ga inda aikin ya tsaya.

Naku,
Masu shagon gyaran fiyano, Kaduna