Rahoton Ayyukan Shekara: Kwamitin Kula da Furen Kolumbain

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne, mambobin ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna jihar Kolorado ta Amurka.

Bana kwamitinmu ya fi ba da ƙarfi ga furen kolumbain, wanda jihar nan ta ɗauka a matsayin furenta tun 1899. Waɗanda suka bi mu tsaunukan Roki tsakanin Yuni da Agusta sun gan shi ido da ido: shuɗi daga waje, fari a tsakiya, da wasu dogayen ƙahonni biyar a baya inda ruwan zaƙinsa yake taruwa. Da magariba wani babban malam-buɗe-littafi na dare yakan tsaya cak a iska ya zura dogon bakinsa can ciki, ta haka yake kai ƙurar haihuwa daga fure zuwa fure. Yaranmu sun daɗe a tsugune suna kallon wannan.

Abin da muka fi nanatawa shi ne mazauninsa. Furen yana son ƙasa mai damshi da 'yar inuwar bishiyoyin aspen masu farin jiki. Su kuwa aspen daga saiwa suke tofowa, kuma manyan barewar nan da ake kira elk suna cinye sabon tofon tun bai kai ko'ina ba. Shi ya sa a gandun dajin ƙasa na Rocky Mountain aka killace wasu wurare da waya. Mun kai mambobi sun ga yadda ƙananan bishiyoyi suka yi cunkus a cikin shingen.

Maganar tsinka ta ɗan jawo ka-ce-na-ce. Dokar jiha ta 1925 ta hana tumɓuke furen a filayen gwamnati, ta ƙayyade tsinka kada ya wuce kara 25 a rana, a gandun ƙasa kuwa an hana gaba ɗaya. Shawarar kwamiti ita ce kada mambanmu ya tsinki ko ɗaya. A ganinmu sauka daga kan turba don ɗaukar hoto ya fi tsinkar ɓarna, domin takawa tana danne ƙasar.

Mun raba irin da muka saya daga masu renon tsirrai, an shuka shi da kaka saboda yana buƙatar sanyin hunturu kafin ya tsiro. Baɗi tsirran za su fito, amma yawancinsu sai a shekarar da ke biye za su yi fure.

Muna godiya ga iyayenmu mata da suka ɗauki nauyin abinci, Allah ya saka da alheri. Masu mota da za su iya ɗaukar 'yan uwa baɗi su ba sakatare sunansu kafin taro mai zuwa.