Godiya ga makarantar da ba ta ɗauki sikuta abin wasan yara ba

Zuwa ga shugaba da malaman makarantar koyar da tuƙin babur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu sana'ar gyaran babura muka ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a. Duk ɓarnar da rashin horo ke jawowa a gabanmu ake sauke ta, don haka tun daga jikin babur muke gane wanda ya bi ta hannunku da wanda bai bi ba.

Abin da aka saba shi ne mutum ya je sayen sikutarsa ta farko, a damƙa masa makulli a ce, "Ai ba ta da giya, murɗa totur kawai ka kama hanya." Gaskiya ne ba ta da giyar da ake sakawa da ƙafa. Bel ne da wasu ƙananan rola a cikin murfin gefen hagu suke daidaita gudu, kulocin kuma da kansa yake kamawa idan inji ya ɗaga. To a nan tarkon yake. Babur mai giya, idan mutum bai iya ba, mutuwa zai yi ta yi masa a wuri ɗaya har ya koya. Sikuta kuwa ba ta mutuwa, tafiya take yi. Da ta zabura sai jikin mutum ya koma baya, hannun dama ya ƙara murɗa totur ba da saninsa ba, sai bango ko motar da ke gaba. Fasasshen murfin gaba, lanƙwasasshen hannun birki, gogaggiyar salansa, duk a makon farko. Mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa, babu ruwansa.

Shi ya sa muka yi mamakin dattijon malaminku mai kula da sababbin ɗalibai. Allah Ya saka masa da alheri. Ba ya barin kowa ya tayar da inji sai ya tura babur da hannu ya ji nauyinsa, ya kuma iya ɗora shi a kan jak na tsakiya ta hanyar danna ƙafa, ba ɗagawa da ƙarfin ƙugu ba. Sannan ya gyara riƙo: wuyan hannu ya kwanta daidai da kan babur, kada ya ɗaga sama, domin ko babur ya zabura totur ba zai ƙaru ba. Ɗalibi ya kuskure sau goma, sau goma zai maimaita masa ba tare da tsawa ba, ko da kuwa sa'an jikansa ne.

Inda ya fi ɓata lokaci shi ne birki, kuma ya yi daidai. A sikuta duka biyun a hannu suke: dama na gaba, hagu na baya. Sabon matuƙi tsoron na gaba yake ji, sai ya dogara da na baya, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa, saboda nauyi yana komawa kan tayar gaba yayin tsayawa. Dabarar ita ce a fara matsawa a hankali har nauyin ya sauka, sannan a ƙara ƙarfi. Wanda ya cafke shi lokaci guda, tayar za ta kulle ya sha ƙasa, musamman a kan yashi, tsakuwa ko jiƙaƙƙen fentin titi. Yakan kuma yi musu lissafi: a gudun kilomita 50 a awa, babur yana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa, tun kafin yatsu su kai ga birki. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi. Daga nan ne ɗalibi yake fahimtar dalilin barin tazarar aƙalla daƙiƙa 2 tsakaninsa da abin hawan da ke gabansa, a ƙara idan ana ruwa.

Sauran darussan ma haka. Tafiya a hankali cikin cunkoso, da ɗan totur a tsaye ana jan birkin baya kaɗan, tunda babu kulocin da za a riƙe. Kallon inda ake son zuwa maimakon ramin da ake gudu, domin babur ido yake bi. Rage gudu kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. Tayoyin sikuta ƙanana ne, yawanci inci 10 zuwa 14, ramin da babban babur zai haye lafiya ita yana iya kifar da ita. Rajista da jadawalin darasi kuwa babu abin cewa, komai a kan lokaci.

Abin da ya fi burge mu shi ne shawarar da kuke ba masu tambaya ko horon ya zama dole: a yi shi kafin a sayi babur, ko da mutum ya shekara ashirin yana tuƙa mota. Wanda ya hau na makaranta kwana biyu ya san ko mai ƙaramin inji 50cc za ta ishe shi ko sai mai 125cc, ya san ko ƙafafunsa suna taɓa ƙasa sosai, ya san ya tambayi ko akwai ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa, ko birkin haɗe, wanda matsa hannu ɗaya ke kama gaba da baya tare. Idan na hannu zai saya, kun nuna masa ya gwama lambar jikin babur da ta takarda, ya duba launin baƙin mai, ya ji ko bel yana ƙara, ya karanta lambobi huɗun da ke gefen taya: 2321 na nufin an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Kuma ya ware kuɗin hular kwano mai rufe haɓa da safar hannu tun farko, ba sai abin da ya rage ba.

Ina ma haka ake yi ko'ina. Akwai wuraren da horo bai wuce zagaye fili sau uku ba, a buga takardar shaida a sallami mutum bai taɓa gwada tsayawar gaggawa ba. Akwai shagunan da ke sayar da hular da ba ta da tambarin shaidar inganci na ECE ko DOT, roba ce kawai da igiya, kuma ba wanda zai gaya wa mai saye cewa hular da ba a ɗaure ba tashi take yi kafin kai ya kai ƙasa, ko cewa wadda ta taɓa shan bugu sai a canza ta. Iskar taya ma, da ya kamata a auna duk mako tayar tana sanyi, sai babur ya fara lilo ake tunawa da ita.

Roƙonmu guda ne, ranku ya daɗe: ku ƙara darasi a kan ɗaukar fasinja da tuƙin dare. Nauyin mutum na biyu yana sa gaban sikuta ya yi sakayau, birki ya ƙara nisa, fitila ta ɗaga sama, kuma yawancin masu saye ba sa yin wata guda ba su goya wani ba.

Naku,
Wasu daga cikin masu gyaran babura