Zuwa ga Babangida, kan tayin koyarwar da aka yi maka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Zariya lafiya lau, sai hunturu da ya sauka da ƙarfinsa.

Babangida, tun wayar da muka yi ranar Juma'a maganarka take ci mini rai. Ka ce wata ƙaramar makarantar kiɗa a bayan garin Madrid ta nemi ka riƙa koya wa yara jita kwana uku a mako, kai kuma kana ganin in ka karɓa shi ke nan, an raba ka da dandamali. Maganar ta sosa ni, don shekara 35 na yi da alli a hannu, kuma da shi na ciyar da ku.

Ka san ni na fi kowa ƙin wannan hanya taka da farko. Dangi suna ta cewa ɗan Malam zai zama maroƙi, ni ma ina jin kunyar abin. Abin da ya sauko da ni wata safiya ce bayan sallar asuba, na leƙa ɗakinka na same ka da ƙafar hagu bisa kujerar tsugunon babarka, kana maimaita gaɓa ɗaya tak. Na je na karya, na dawo, kana nan a kanta. Ranar na gane cewa karatu kake yi, irin wanda na sani.

To, kai da bakinka ka ba ni labarin Segovia, shahararren makaɗin jita ɗan Spain, wanda ya rasu a 1987 yana da shekara 94, yana kiɗa a gaban jama'a har tsufansa. Ka ce duk da ya zaga duniya, yakan zauna da ɗalibai a Siena ta Italiya da Santiago de Compostela ta Spain, kuma John Williams, makaɗin jitar nan da kake ji da shi, ya zauna a gabansa. Tárrega ma, wani gwanin jita ɗan Spain da ya rasu tun 1909, ai almajiransa irin su Llobet da Pujol ne suka ɗauki salonsa suka yaɗa. Wanne ne koyarwa ta rage masa daraja?

Ga kuma batun ciki. Gasa mutum ɗaya take ɗagawa, sauran su koma da kuɗin jirgi a wuya. Gayyatar wasa ta zo wannan wata, ta yi wata uku shiru, mai gidan haya kuwa bai san wannan ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sannan duk arzikinka a yatsu goma yake. Farce ɗaya na hannun dama ya tsage, ka san yadda kake shiga damuwa, balle jijiya ta motsa.

Shawarata ka karɓa, amma da sharaɗi. Safiyarka taka ce, kada ka sayar da ita ko nawa aka ba ka. Ka yi awoyinka na atisaye kafin ka taɓa waya, ka ci gaba da shiga gasa. In yaro ya zauna gabanka, wuyan hannunsa za ka fara duba, don ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ka daka masa tsawa. Ka tuna malamin nan naka na farko da ya sa ka jingine jita wata biyu kana kuka.

Babarka na gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta saba da faratan nan naka ba. In za ka zo hutu cikin sanyin nan, ka bar babbar jitar a can, ka tuna yadda iskar hunturu ta tsaga fuskar ta farkon. Ka sanar da ni abin da ka yanke kafin ka ba su amsa.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka