Amsar tambayar Baba, daga Filadelfiya

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Ni lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Kuɗin da na aiko ta hannun Yaya, a fara cire na maganinka, sauran a sayi hatsi tun bai hau ba.

Ran da muka yi waya ka tambaye ni abin da ya kai sojojin Amurka Agadez tun farko, har aka sallame su a 2024. Layi ya katse ban ba ka amsa ba. Yanzu ina karatun tarihin ƙasar nan saboda jarrabawar zama ɗan ƙasa, kuma abin da na gani ya ba ni mamaki.

Baba, ƙasar nan da gudun shiga sabgar wasu ta tashi. Faransa ce ta ƙulla ƙawance da su a 1778, ta taimaka musu suka rabu da Ingila. Amma da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Ingila a 1793, shugabansu na farko, George Washington, ya ce ba ruwansu. Ban ga laifinsa ba. Ƙasa ce jaririya, mutanenta kimanin miliyan 4, bashin yaƙi ya yi mata katutu, ba ta da jiragen yaƙi na ruwa. Da zai sauka, a 1796, aka buga wasiyyarsa a jarida a nan Filadelfiya, lokacin ita ce babban birni. Ya ce su yi ciniki da kowa, amma kada su ɗaure kansu da ƙawance na dindindin. Na je inda gidansa yake wata Lahadi, na daɗe a tsaye ina tunanin tambayarka.

Sai dai kamewar tasu rigimar Turai kawai ta shafa. Sun yi yaƙi da Tarabulus, a Libiya ta yau, daga 1801 zuwa 1805, sun yi ta ƙwace ƙasar 'yan asali, sun yanke wa Meksiko ƙasa mai yawa a 1848. Wannan ɓangaren yana ɗaga mini hankali duk lokacin da na karanta shi.

Da ƙarfi ya zo, hali ya sauya. A 1898 suka ci Sifaniya da yaƙi suka karɓe Filifin, a 1917 suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana gamawa suka ja da baya: shugaba Wilson ne ya kawo shawarar ƙungiyar ƙasashen duniya ta farko, majalisar dattawan ƙasarsa ta ƙi yarda a shiga. Harin da Japan ta kai sansanin sojojin ruwansu na Pearl Harbor ran 7 ga Disamba 1941 shi ya rufe wannan babin. A 1949 suka shiga ƙungiyar tsaro ta NATO, irin ƙawancen da Washington ya gargaɗe su a kai. Daga nan sansanoni suka yi ta yaɗuwa, bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuma suka waiwayo Sahel, abin da ya kai su Agadez ke nan.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Lokacin da suka ja da baya ɗin nan, ƙofa ma suka rufe. Dokar 1924 ta taƙaita shigowar baƙi ƙwarai, sai dokar 1965 ta sake buɗewa, kuma ta wannan ƙofar irinmu muka shigo. Yau ina jin wasu a wurin aiki suna cewa a dawo da sojoji gida, a daina kashe kuɗi a waje, kuma sau da yawa maganar kan ƙare a kan baƙi.

Shi ya sa nake roƙonka, Baba, ka ja hankalin Auta. Kada ya sayar da babur ɗinsa saboda biza, kada kuma ya ba dillali ko sisi. Ya gama karatunsa tukuna, ni zan ɗauki nauyin kuɗin makaranta.

A gaishe mini da Inna, a ce kilishin ya iso. Ku sa ni a addu'a kan jarrabawar.

Wassalam,
Ɗanka