Anti, Kasuwa Ta Buɗe Mini Amma Na Kasa Ɗaga Ƙafa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Anti, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki na gidan rediyo. Na daɗe ina sauraron shirinki ina ƙaruwa da matsalolin wasu, yau ni ma tawa ta kawo ni. Don Allah a sakaya sunana.

Ni matar aure ce a Kano, shekarata 34, 'ya'yana huɗu. Maigidana malamin makarantar sakandare ne. Sana'ata yaji da garin kunun gyaɗa, wani lokaci da dambun nama idan an ba ni aikin biki. Na fara a 2019 da naira dubu 15, ragowar kuɗin barka na haihuwar ɗana na uku. Ina ƙulla yaji a leda, yara su kai maƙwabta. Daga baya na koma zubawa a roba, ina sa hoto a WhatsApp. Barkono da citta da kanumfari da masoro a kasuwar Rimi nake saye, gyaɗa kuwa ƙanena ke auno mini a Dawanau. A 2023 da aka yi ƙarancin takardun kuɗi, aka zo aka cire tallafin man fetur a watan Mayu, kuɗin mota ya ninka, mata da yawa da muka fara tare sun ajiye sana'a. Ni Allah ya tsallakar da ni, har ciniki ya ƙaru, musamman lokacin tafiyar alhazai da komawar ɗalibai makarantun kwana.

Wata bakwai da suka wuce wani mai babban kanti, yana da reshe a Kano da Abuja, ya ci yajina a gidan wani biki. Ya turo manajansa har gida. Suna son roba 300 duk wata, in ya karɓu su ƙara. Sharaɗinsu shi ne in yi rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni (CAC), in samo lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna (NAFDAC), in buga takardar da za a manna a jikin roba mai ɗauke da ranar yi da ranar lalacewa. Rajistar CAC ƙanena ya yi mini ta intanet. Na tambaya game da NAFDAC, aka ce sai na ware ɗaki na musamman wanda ba kicin ɗin gida ba, su zo su duba wurin, su gwada kayan, masu aikin kuma su yi gwajin lafiya. Muna da ɗaki a soro wanda ba kowa a ciki, maigida ya ce in ɗauka. Na kwashi adashe, naira dubu 800. Duk abin da ake nema yana hannuna.

Anti, kuɗin nan har yau suna ajiye a banki, ban sayi ko buhun siminti ɗaya ba. Na ce bari azumi ya wuce. Ya wuce, na ce bayan Babbar Sallah. Daga nan na ce damina ce, barkono bai bushe ba. Injin niƙan da na je na taya a farko yanzu kuɗinsa ya tashi, ina gani kuɗina na narkewa a zaune. Duk ranar da na ɗauki waya zan kira magini sai in ji hannuna ya yi sanyi, gabana na faɗuwa, in ajiye in tashi in kama wanke-wanke.

Da farko na ɗauka asara nake tsoro. Na zauna da biro da takarda na yi lissafi. Kantin sai bayan kwana 30 suke biya, wannan haɗari ne na gaske, amma na ga zan iya riƙe wata biyu ko da sun yi jinkiri, kuma in abin ya watse tsofaffin masu sayena suna nan. Da na gama lissafin na ga ba ya tayar mini da hankali. Abin da ke hana ni barci shi ne idan na kwatanta a raina cewa abin ya karɓu, robobi sun zama dubu, an san sunana. A nan ne numfashina ke sarƙewa.

Na san inda abin ya samo asali. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, atamfa da shadda yake sayarwa. Ina ƙarama na ga lokacin da Allah ya buɗa masa. Gidanmu ya cika da mutane, kwanon abinci ya fi ashirin ake fitarwa zaure kullum. Biki, suna, asibiti, kuɗin makarantar 'ya'yan dangi, duk a kansa. 'Yan uwa su ɗebi kaya bashi, shi kuma ba ya iya buɗe baki ya tambaya. Da kasuwa ta juya ya karye, sai zauren ya zama wayam. Abin da ya fi ci masa rai, waɗanda suka fi kowa cin arzikinsa su ne suka riƙa cewa dama kuɗin ba na Allah da Annabi ba ne. Hawan jini ya kama shi, ya rasu ina da shekara 12. Tun daga nan addu'ar mahaifiyarmu ɗaya ce, Allah ya ba mu rufin asiri, kuma kullum tana ce mana wanda ya ɗago kai shi ake jifa. Da wannan na girma. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

Kuma na fara ganin alamun a ɗan abin da nake da shi yanzu. Wata daga dangin maigida ta karɓi kayan naira dubu 40 don garar 'yarta, shekara guda ke nan ko maganar ba ta sake yi ba. Da na aika a tuna mata, sai labari ya zaga dangi wai na fara jin kuɗi. Idan na je taron suna sai a riƙa ce mini Hajiya mai kamfani, ana dariya, amma ina jin abin da ke ƙarƙashin dariyar. To in wannan ɗan abin ya jawo haka, ina ga an ga motar kanti tana lodi a ƙofar gida?

Sai maganar da ta fi yi mini nauyi. Maigidana mutumin kirki ne, bai taɓa hana ni sana'a ba, shi ke kai mini saƙo tasha a babur ɗinsa. Amma akwai watan da na nuna masa littafin ciniki cikin murna, ribar ta wuce albashinsa. Ya ce Allah ya ƙara albarka, ya yi shiru, kwana biyu ba ya sakin jiki da ni. Tun ranar na daina faɗa masa gaskiyar abin da nake samu, rabi nake faɗa. Wannan ɓoyon yana damuna ƙwarai, don ba haka muka saba ba. Ina tsoron abokansa su fara yi masa kallon wanda mace ta fi ƙarfinsa. Ina kuma tsoron a hankali cefane da kuɗin makaranta su dawo kaina, kamar yadda na ga ya faru da wata ƙawata mai ɗinki, har aurenta ya zama ba daɗi. Ban san wanne daga ciki zai faru ba, kuma ban taɓa zama da shi mun yi maganar ba.

Ba wai ban san abin da addini ya ce ba. Na san Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce, dukiyarta kuma ta taimaki Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Na san Abdurrahman bin Auf da ya isa Madina cewa ya yi a nuna masa hanyar kasuwa. Na san an ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Na yi istihara, ina azkar safe da yamma saboda baki da hassada. A kaina na yarda da duk wannan, ƙafata ce ta ƙi motsi.

Akwai zawarawa biyu da ke taya ni gyaran barkono da suyar gyaɗa, ɗaya marayu uku take riƙo. Ranar da akwai aiki nake biyansu, ranar da babu su koma hannu rabbana. Da na karɓi aikin kantin nan da albashi zan yanka musu duk wata. Ɗayar ta tambaye ni shekaran jiya, yaushe za a fara gyaran ɗakin soro, na rasa abin da zan ce mata. A daren na yi kuka, don na ga tsorona ba ni kaɗai yake cuta ba.

Anti, ki taimake ni da shawara kamar ƙanwarki. Ta yaya zan buɗe wa maigidana maganar nan, har da rabin da na ɓoye masa, ba tare da ya ji na raina shi ko na zarge shi da abin da bai yi ba? Shin in sa shi cikin sana'ar ya riƙe mini lissafi, ko hakan ne zai kawo rigimar da nake gudu? Dangi kuma, yaya mace za ta ce ba ta ba da bashin kayan sana'a ba tare da ta yanke zumunci ba? Na yi tunanin in ware wani abu duk wata na taimako, bayan zakka idan ta kai, in ya ƙare ya ƙare, amma ban san ko zan iya tsayawa a kai ba idan gwaggo ta zo ta zauna a gabana. Idan kuma cikin masu sauraro akwai wadda ta taɓa tsayawa a inda nake tsaye ta wuce, ina roƙon ta faɗa mini abin da ta fara yi a ranar farko.

Manajan ya kira ni makon jiya. Ya ce sun yi haƙuri da ni saboda maigidansu na son yajin, amma in ƙarshen watan nan ya yi ban nuna musu na fara neman lambar ba, za su ba wata. Saura kwana 19. Ina roƙon ki karanta wasiƙata kafin lokacin.

Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara basira.

Taki,
Wata 'yar uwa daga Kano