Tambarin Dangi a Sikotilan Mallakar Mutum Ɗaya Ne

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan wani kuskure da ya yaɗu a intanet, inda 'yan kasuwa ke tallar abin da suke kira tambarin iyali ga duk wanda sunansa ya zo ɗaya da na wani dangi na Sikotilan. A dokar ƙasar babu dangin da ya mallaki tambari. Garkuwar da aka zana, da kwalkwalin da ke bisanta, da surar da ke saman kwalkwalin, duk na mutum ɗaya ne, kuma magajinsa ne ke gadonsu; hatta ƙanin magajin sai an sauya wani abu a zanen kafin ya yi amfani da shi. Kotun Lord Lyon da ke Edinbura, babban birnin ƙasar, ce ke kula da wannan, tana riƙe da rajistar tambura tun 1672, har da mai gabatar da ƙara gare ta domin masu amfani da tambarin wani ba da izini ba.

Abin da aka yarje wa ɗan dangi shi ne ɗan bajon azurfa da yake maƙalawa a hula: surar saman kwalkwalin shugabansu a tsakiya, an kewaye ta da ɗamara mai maɗauri, an rubuta taken shugaban a jikin ɗamarar. A ganina ma'anar duka tana cikin ɗamarar nan, domin mai sanye da ita yana shaida wa jama'a cewa shi mabiyi ne, tambarin kuwa na ubangidansa ne. Shi shugaban babu ɗamara a bajonsa. Zobe ne ke kewaye da nasa, da gashin mikiya uku a baya. Alal misali, 'yan dangin Campbell kan aladen daji suke sawa a bajonsu, da take cikin Latin mai cewa kada a manta, 'yan MacLeod kuwa kan bijimi da umurnin a riƙe da ƙarfi.

Batun yadin tartan mai ratsi-ratsi dabam ne. An hana sanya tufafin mutanen tsaunukan Sikotilan, ciki har da tartan, a 1746 bayan yaƙin Culloden, inda gwamnatin Birtaniya ta murƙushe wani tawaye, aka janye dokar a 1782, kuma ware wa kowane dangi nasa launi ya fi kankama ne bayan ziyarar Sarkin Birtaniya George na Huɗu a Edinbura a 1822.

Saboda haka ina kira ga marubutanku da su riƙa bambanta tambarin shugaba da bajon mabiyi idan suna rahoto kan bukukuwan ƙasar.

Naka,
Mai karanta jaridarku